Buhun hatsi ba ya maida mutum bakin aikinsa

Wannan shi ne cikakken jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya yi a garin Difa, a gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na jaha. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi. Ƙananan kanu kawai muka ƙara.



Shugabannin wannan zama, iyayenmu sarakuna da malamai, alhazai da hajiyoyi na kasuwa, ƴan uwana ma'aikata, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina kuma gode muku da kuka bar shaguna da ofisoshi kuka zo sauraren ɗan jarida, wanda ba likita ba ne, ba kuma mai mulki ba.

An nemi in yi magana a kan wata sana'a ta fannin kiwon lafiya wadda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunanta ba. A Faransanci ana ce mata ergoterapi, ma'anarta warkarwa ta hanyar aiki. Mai yin ta, a cikin wannan jawabi, zan riƙa kiransa mai warkarwa da aiki. Kafin in faɗi ko wane ne shi, ya kamata in faɗi abin da ya sa Difa, fiye da kowace jaha ta ƙasar nan, take da bukatarsa. Maganata guda ce, zan kuma tsaya a kanta har ƙarshe: mutumin da aka raba da aikin hannunsa majinyaci ne, ko da an cika masa ciki, kuma ƙasar da ta ciyar da shi ba ta maida shi bakin aikinsa ba, rabin agaji ta yi masa.

Abin da aka rasa a bakin Kumadugu

Ba ni ne zan koya muku tarihin abin da kuka gani da idonku ba, amma jera shi yana da amfani. A watan Nuwamba na 2014 garuruwan Malam Fatori da Damasak na Najeriya suka faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka ƙetaro kogi suka shigo mana. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari na farko a kan Boso da Difa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar. Bayan harin tsibirin Karamga na ranar 25 ga Afrilu 2015, aka ba mazauna tsibiran tafkin Cadi umurnin tashi cikin ƴan kwanaki. Mutane wajen 25,000 suka fito, da yawa a ƙasa, cikin zafin bazara, wasunsu suka rasu a hanya. Ranar 3 ga Yuni 2016 aka sake afka wa Boso, mutane kimanin 50,000 suka watse, suka zube a gefen babbar hanya mai lamba 1, ƙarƙashin rumfunan kara da leda. A shekarar 2017 an ƙiyasta ƴan gudun hijira da waɗanda suka bar gidajensu a wannan jaha sun kai wajen 250,000, a jahar da ƙidayar 2012 ta ce mutanenta ba su cika 600,000 ba. Mafi yawansu ba su zauna a sansanin Sayam Foraj ba. A gidajenku suka sauka, da bakin hanya, da bayan gari.

Wannan lissafin kawuna ne, shi ne kuma wanda ake bugawa a rahotanni. Akwai wani lissafi da ba a cika yi ba, wato lissafin hannuwa. Kafin fitina, kwarin Kumadugu yana fitar da busasshen tattasai wajen tan 10,000 a shekara, mafi yawan abin da ƙasa take nomawa, har ana masa kirari da jan zinariya. Ku da kuke cinikinsa kun san hannu nawa buhu ɗaya yake ratsawa kafin ya ƙetare iyaka: mai renon iri, mai dashe, mai ban ruwa, makanikin injin ban ruwa, matan da ke tsinka da shanya, mai ɗinkin buhu, ɗan dako, dillali, direba da yaronsa, har da mai tuwon da ke ciyar da su a tasha. Haka kifi banda na tafki yake, tun daga masunci da mai gyaran koma har zuwa mai itacen ƙyafewa da mai kwali.

Dokar ta-ɓaci ta hana cinikin tattasai da na kifi, ta hana hawan babur, ta taƙaita sayen man fetur da takin zamani, an rufe wasu kasuwanni, an kuma tashi garuruwan bakin kogi. Hukuma ta ba da dalilanta: ta ce ƴan ta'adda suna karɓar haraji a kan tattasai da kifi, suna kai hari a kan babura, suna haɗa nakiya da taki. Ba dalilai ne na banza ba, kuma sojojinmu sun biya da rayukansu a wannan yaƙi, Allah ya jiƙansu. Amma hanin tattasai bai tashi ba sai a watan Oktoba na 2017, na kifi kuwa sai a watan Maris na 2019. Shekara biyu da rabi ga manomi, shekara huɗu ga masunci. Ɗan kabu-kabu ya wayi gari da babur a ɗaki kamar akuyar da aka ɗaure. Bayan haka kuma ambaliyar Kumadugu ta 2019 da ta 2022 suka zo suka shafe gonakin da aka fara komawa.

Ciwon zaman banza

Bahaushe yana cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin maganar tattali, alhali maganar lafiya ce. Aiki shi ne ke raba wa mutum yini: shi ke tashe shi da asuba, shi ke gaya masa lokacin cin abinci da na hutu, shi ke haɗa shi da mutane, shi ke ba shi suna a gari. Idan aka ce wane masunci ne, wance mai ƙosai ce, an faɗi abincinsu, an kuma faɗi mutuncinsu. Ranar da aka raba su da wannan, aka zaunar da su a rumfa suna jiran ranar rabon hatsi, jiki yakan yi sanyi, barci ya ƙaurace, zuciya ta yi ƙunci, magidanci ya fara jin kunyar iyalinsa, faɗa ya shiga gida, saurayi ya nemi ƙwaya ko ya saurari duk wanda ya yi masa alkawarin babur da kuɗin aure.

Masu binciken wannan fanni sun ba abin suna tun wajen shekarar 2000: rashi ne na aikin yi wanda aka ɗora wa mutum daga waje, ba da zaɓinsa ba, kamar yadda yake faruwa ga fursuna da ɗan gudun hijira. Sun lissafa shi cikin abubuwan da ke kawo cuta, kamar yunwa da gurɓataccen ruwa. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da ake yaƙi, mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata damuwa ta ƙwaƙwalwa, daga ƙaramar damuwa da firgita har zuwa taɓin hankali. Ku ƴan kasuwa ne, ku auna da wannan mudu: ɗaya cikin biyar na 250,000, mutum 50,000 ke nan. Ku ƙara a kai waɗanda harsashi ko nakiya ta taɓa, da waɗanda wuta ta ƙona, kamar a harin Tumur na watan Disamba 2020 inda aka kashe mutane aƙalla 27 aka ƙone ɗaruruwan gidaje da kasuwa. Ku ƙara tsofaffi, da masu shanyewar ɓarin jiki, da makafi da guragun da suka yi gudu tare da kowa suka bar sandunansu da kekunansu a baya.

Wane ne mai warkarwa da aiki?

Ba likitan fiɗa ba ne, ba shi ne ke ɗinke rauni ba. Ba mai gashin ƙashi ba ne, wanda muke kira kine, ko da yake tare suke aiki: kine yana maido wa gaɓa ƙarfinta da motsinta. Ba kuma likitan ma'aikata ba ne da ke duba lafiyarku a wurin aiki. Tambayar mai warkarwa da aiki dabam take. Yana zama gaban majinyaci ya ce: daga asuba zuwa dare, me ka saba yi da kanka wanda yanzu ya gagare ka, kuma a ciki wanne ya fi damunka? Daga amsar da aka ba shi yake tsara magani.

Yana kallon rayuwa kashi uku. Akwai kula da kai: wanka, alwala, sa tufafi, cin abinci, kewayawa. Akwai aikin samun abinci da na gida: noma, su, ɗinki, girki, reno, karatun yaro. Akwai kuma abin da ke sa rai ya sake: hira a fada, zuwa masallaci da kasuwa, biki da ta'aziyya, wasan yara. A kowane kashi yana da hanyoyi uku: ya horar da mutumin, ko ya sake fasalin kayan aikin, ko ya gyara wurin da ake aikin. Gwanintarsa ita ce rarraba aiki gunduwa-gunduwa, ya gano daidai gaɓar da ta gagara, ya sauƙaƙa ta, sa'an nan ya riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan har mutum ya tsaya da ƙafarsa.

Wannan sana'a ƴar yaƙi ce. An kafa ƙungiyarta ta farko a Amurka a 1917, lokacin yaƙin duniya na ɗaya, kuma ta yi ƙarfi ne a asibitocin da aka cika da sojoji masu guntulallun gaɓoɓi da masu firgita, inda aka lura wanda aka ba saƙa ko sassaƙa yana saurin farfaɗowa fiye da wanda aka bari kwance. An kafa tarayyarta ta duniya a 1952. A Faransa an buɗe makarantun farko a Nansi da Liyon a 1954, gwamnati ta amince da difloma a 1970. Ashe ke nan ba kayan ƙawa ba ne na ƙasashen da suka ƙoshi, cikin masifa aka haife ta, domin masifa.

Misalai uku daga cikin irin namu

Mu ɗauki manomin tattasai da harsashi ya ratsa masa hannun dama. Likitan fiɗa ya ceci hannun, an sallame shi. Idan aka bar shi haka, bayan wata uku yatsun sun ƙage, sun lanƙwashe, hannun yana nan amma ba ya riƙe ko cokali. Mai warkarwa da aiki zai yi masa ƙaramin tallafi da zai riƙe yatsun a miƙe da dare, ya sa shi tsince wake da murza igiya da rana, ya koya masa ɗaure wando da yin alwala da hannu ɗaya kafin ɗayan ya dawo. Sa'an nan ya tafi da shi wurin maƙeri a kauraro masa ƙotar hauya, a naɗe ta da robar taya, a sa mata maɗauri a wuyan hannu. Kuɗin wannan duka bai kai na buhun shinkafa ba, amma shi ne tsakanin manomi da mabaraci.

Mu ɗauki tsohuwar da ɓarin jikinta ya shanye, tana zaune a wani matsuguni a bakin hanya. An gina masai, an kawo famfo, rahoto ya ce an wadata wurin da tsabta. Amma masan yana da nisa, ƙofarsa ƙunci gare ta, ba abin dafawa, ita kuma ba ta iya tsugunawa. Saboda haka ta rage cin abinci da shan ruwa don kada ta bukaci fita, jikarta kuma ta bar lakwal tana jinyarta. Mai warkarwa da aiki zai sa kafinta ya huda kujera, a kafa turaku biyu da igiya daga ɗaki zuwa masai, ya nuna wa iyalin yadda ake tada ta ba tare da an ja kafaɗar da ta mutu ba, ya kuma ba ta aikin da hannu ɗaya zai iya, kamar tsinkar zogale ko jiran yara. Ya fi haka ma idan an kira shi tun kafin a yi ginin, domin faɗaɗa ƙofa a kan takarda ba ya cin ko dala.

Mu ɗauki matar da aka kashe mijinta a gabanta, ta daina magana, ta daina girki, tana kwana zaune. Magani da addu'a da nasiha duk suna da gurbinsu. Abin da mai warkarwa da aiki zai ƙara shi ne tsarin yini da kuma jama'a. Zai haɗa ta da mata biyar ko shida da ke saƙar tabarma ko ɗinkin hula, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum. Ba za a ce mata ta ba da labari ba. Ran farko ta zauna kawai, ran na uku ta riƙe kaba, bayan sati biyu ta gama faifai. Hannu yana aiki, baki yakan buɗe da kansa, kuma ranar da aka sayi faifan nan ta riƙe kuɗin guminta, wani abu ya koma mazauninsa.

A nan ne bambanci yake tsakanin wannan aiki da rabon kayan sana'a da muka saba gani. Sau nawa aka tara mutane, aka yi musu horon kwana goma, aka ba kowa keken ɗinki, aka ɗauki hoto, bayan wata ɗaya kekunan suka bayyana a kasuwa? Ku ne kuke sayensu, kun fi ni sani. Ba butulci ne ya kawo haka ba. Ba a tambayi masunci ko yana son zama tela ba, ba a duba ko idonsa da hannunsa da hankalinsa suna iya ɗauka ba, ba a kuma lissafa teloli nawa unguwa ɗaya za ta iya ciyarwa ba. Mai warkarwa da aiki daga mutumin yake farawa, kayan aiki su biyo baya.

Ba baƙon abu ba ne a gare mu

Kada wani ya ce wannan dabarar Turawa ce. A ƙasar Hausa tun kaka da kakanni makafi ne aka sani da tufkar igiya, kuma masu lalura suna da sarakunansu da ke tsaya musu a fada. A Kano da Yamai, waɗanda shan-inna ya taɓa su ne da kansu suke walda suna ƙera kekunan guragu. A Najeriya, likita Thomas Adeoye Lambo ya fara a 1954, a Aro kusa da Abekuta, saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna shan magani suna kuma cikin harkokin gari, maimakon a kulle su. A asibitin Fan ta Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa sun bi irin wannan hanya daga 1959. Abin da makaranta take ƙarawa a kan hikimar da muka gada shi ne sanin jiki da ƙwaƙwalwa, da auna ci gaba, da sanin inda aiki zai warkar da inda zai ƙara ciwo.

Gwamnatinmu ma ta yarda da wannan ka'ida, ko da ba ta kira ta da sunanta ba. A watan Disamba na 2016 ta yi tayin afuwa ga ƴan Boko Haram da suka ajiye makamai, aka tara su a cibiyar Gudumariya, aka koya musu sana'o'i, rukuni na farko mai mutum fiye da 100 ya fito a watan Disamba na 2019. Ban zo sukar wannan ba. Duk bindigar da aka musanya da guduma riba ce. Amma idan an amince sana'a tana gyara wanda ya ƙone gari, da wane dalili za a ce wanda aka ƙone wa gari buhu kawai ya dace da shi? Mutanen matsugunai sun yi wannan tambaya, kuma tambaya ce ta adalci.

Kayan aro ba ya rufe katara

Ƙungiyoyin agaji sun yi aiki a nan, wanda ya musa bai yi gaskiya ba. Ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya, wato CICR, ta tallafa wa sashen fiɗa na babbar asibitin jahar Difa, ta kuma tallafa wa wuraren haɗa ƙafar roba a Yamai da Damagaram. Ƙungiyar likitocin MSF da wasu irinta sun kula da masu firgita da damuwa. Sai dai ku duba nisa: daga nan zuwa Damagaram kilomita wajen 470 ne, zuwa Yamai wajen 1,360. Ana iya kai mutum can a sa masa ƙafa, amma koyon shiga kwalekwale da ita, ko tafiya cikin rairayi, ko tsayuwa a kan kunyar tattasai, a nan za a yi shi, gida-gida, wata da watanni.

Ƙari a kan haka, baƙo raɓa ne. Aikin ƙungiya yana da wa'adi, kuɗinsa yana bin inda hankalin duniya ya karkata, kuma siyasa tana iya yanke shi dare ɗaya: a watan Fabrairu na 2025 hukumomin ƙasa suka umurci CICR ta bar Nijar. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan mataki, ba shi ne batunmu na yau ba. Abin da ba ya da jayayya shi ne, ƙasar da take son cin gashin kanta dole ta horar da ƴaƴanta su riƙe abin da baƙi suke riƙewa. Mai guntun hannu ba zai iya jira a gama muhawara ba.

Dokoki kuwa ba mu rasa su ba. An yi dokar 93-012 ranar 2 ga Maris 1993 a kan kare masu lalura. A 2008 Nijar ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙinsu. A watan Disamba na 2018 muka yi doka ta musamman, mai lamba 2018-74, domin kare waɗanda suka bar gidajensu a cikin ƙasa. Takarda ta cika. Hannun da zai aikata ne ya yi ƙaranci.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, horo. Ruwanda, wadda ta san masifa fiye da mu, ta buɗe karatun wannan fanni a jami'arta a 2014. Maroko ta buɗe nata a Rabat a 2017. Maƙwabciyarmu Najeriya tana koyar da shi a jami'ar Ile-Ife da wata makarantar tarayya a Oshodi ta Legas. Babu abin da zai hana a ware bursu ga ƴan mata da samarin wannan jaha da suka ci jarrabawar bak, masu jin Barbarci da Hausa da Fulatanci da Tubanci da yaren Buduma, a tura su, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Daga cikinsu za a samu malaman da za su buɗe sashe a makarantun lafiya na Yamai da Damagaram, ko a jami'ar Difa da aka kafa a 2014.

Na biyu, gurbi. Ƴan uwana ma'aikata, kun san sana'ar da ba a ware mata kujera da albashi a kasafin kuɗi ba, ba ta wanzu ba a idon baitulmali. Idan aka horar da yaro ya dawo bai samu gurbi ba, wata ƙasa muka yi wa hidima. A tanadi kujeru a babbar asibitin jaha da asibitocin Maine Sorowa da Gigimi, kuma a ba masu su abin hawa, domin rabin aikinsu a gidajen mutane yake.

Na uku, kafin waɗannan su dawo, ƙwararre ɗaya yana iya horar da ma'aikatan lafiya na karkara, da ungozomomi, da wakilan ƙungiyoyin masu lalura, a kan abubuwan farko: kwantar da majinyaci yadda gaɓa ba za ta ƙage ba, gyaran masai da ƙofa, gane yaron da firgita ta hana shi wasa.

Na huɗu, wannan ga masu mulki ne, ko su wane ne. Duk lokacin da za a ɗauki matakin tsaro da ya taɓa gona ko ruwa ko kasuwa ko hanya, a ajiye takarda ta biyu kusa da ta soja: hannu nawa wannan doka za ta zaunar, har tsawon wane lokaci, kuma me za su riƙa yi kafin nan? Haka nan idan za a maida mutane garuruwansu, kamar yadda aka maida kusan mutum 6,000 Baruwa a watan Yuni na 2021, kada lissafi ya tsaya a kan motoci da buhuna. Mutum bai koma gida ba sai ranar da ya koma bakin aikinsa.

Na biyar, gare ku alhazai da hajiyoyi. Ba ku ƙi baƙo ba lokacin da ya zo da tsumma a jikinsa, tarihi zai shaida muku wannan. Zakka da sadaka kuna bayarwa. Abin da nake roƙo shi ne ku ba da gurbi: kujerar awo ga mai ƙafa ɗaya, tsaron shago ga wanda hannunsa ya mutu, bashin kaba da zare ga matan da suka fara saƙa, da alkawarin sayen abin da suka saƙa idan ya yi kyau, a kan farashin kasuwa, ba na tausayi ba. Maƙera da kafintoci da masu walda na garin nan suna iya ƙera yawancin kayan da na ambata, idan an nuna musu awo. Wanda kuka maida bakin aiki yau, gobe mai sayen hajarku ne.

Jama'a, za a ci gaba da bukatar buhun hatsi, kada wani ya fita ya ce na ce a daina rabo. Mai yunwa ba ya riƙe hauya. Abin da na ce shi ne, a ranar da ake rubuta sunan mutum a takardar rabo, a ƙara masa tambaya ɗaya a kan yawan iyalinsa: mene ne aikinka, kuma me ya tsaya tsakaninka da shi? Sa'an nan a samu wanda sana'arsa ce ya bi amsar har gida.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba majinyatanmu lafiya, ya zaunar da Difa da Nijar baki ɗaya lafiya.